Dodon da Rewi Ya Yi Oda

A tashar bas ta Miramar, a Wellington, wata tsohuwa na rungume da kwali mai hoton dodon wani fim. Mutumin da ke gefenta, farcensa duk fenti, sai leƙen kwalin yake.

"Ɗana, in kallo kake so, shago na can."

"Yi haƙuri, Inna. A kamfaninmu ake yin su. Mu ke ƙera dodannin fim, sannan mu yi ƙananansu na sayarwa."

"Au, ashe ku ne kuka cinye mini falo! Mijina Rewi ya tara su har babu wurin ajiye kofin shayi."

"To ki yi masa godiya a madadina. Bara da aikin fim ya tsaya, saura kaɗan a sallame mu. Masu sayen waɗannan ne suka riƙe mu. Yanzu har shugabanninmu na cewa kasuwarsu ta fi ta fim tabbas."

Ta gyara riƙon kwalin.

"Rewi ya rasu a watan Yuni. Wannan ya yi odarsa kafin ya kwanta asibiti. Jiya aka bugo waya daga shago, aka ce ana neman Rewi, kayansa sun iso. Na daɗe ban ji wani ya neme shi ba. Sai da na sa yarinyar da ta bugo wayar ta maimaita sunansa."

"Ayya, Inna. Sannu."

"Bar sannu, ga bas nan. Ɗaukar mini shi, ka zauna kusa da ni, ka gaya mini yadda ake yin su. Kullum yana so ya ba ni labarin, ni kuwa sai in kunna rediyo."