Ruwan da Kuke Kira Asara

Shugaban taro, Don Eloy Maestas. Mai rabon ruwa, Don Facundo. Iyayena, yayyena, da duk mai rabo a magudanar garin nan, ina gaishe ku da girmamawa. Na gode da kuka ba ni dama, ko da yake na ga wasu sun fara duba agogo.

An kawo shawarar a binne magudanarmu cikin bututu, wai ruwan da ke gangarowa daga dutse yana tsiyayewa cikin ƙasa kafin ya kai gonakin barkono da masara. Asara, in ji ku. Asara!

Da farko, ruwan nan ba ɓata yake yi ba. Tun ina yaro nake leƙa rijiyar Doña Eufemia, tsohuwar nan ta gangaren gari. Lokacin sanyi, yashi guga ke kankarowa. Idan ƙanƙarar dutse ta narke muka buɗe magudana, rijiyar ba ta motsi nan take. Sai tuffa ta yi fure, sannan ruwa ya soma hawowa kaɗan-kaɗan. Ruwan sama yana taimakawa, amma wanda ya zubo da ƙarfi gudu yake yi zuwa kogi; mai tafiya a hankali shi ƙasa ke sha. Ruwan magudana da muke ba gonakinmu da wanda ya tsiyaye a hanya, shi ne a tukunyar waken tsohuwar nan.

Na biyu, mu faɗa wa kanmu gaskiya: yasar magudana ta kowace shekara ce ta ishe mu, shi ya sa muke son bututu. Ranar Lahadi a bakin coci Kawu Benerito ya ce mini, "Kai Leandro, bayana ya gama aiki. In son lakar kake yi haka, ka aure ta mana!" Na yi dariya, Kawu, domin kai ka koya mini riƙon shebur. To ga amsata a gaban kowa: rabonka na yasa ya dawo wuyana muddin ina da ƙarfi. Amma ciwon bayanka bai isa ya busar da rijiyar wani ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: ƙuri'a a nan ta masu gona ce. Gidajen gangare ba su da gona, ba su da ƙuri'a, rijiya kaɗai gare su. Mu za mu ɗaga hannu, su za su kwana da ƙishirwa, kuma ko sanar da su ba a yi ba! Ni na bi gida-gida na faɗa musu. Doña Eufemia ta ce, "Ɗana, in za su kashe mini rijiya, su kalli idona tukuna."

Tana nan waje, dogare da sandarta, ita da maƙwabtanta. Shugaba, ina roƙon a buɗe musu ƙofa kafin a ƙirga hannun kowa.

Allah ya ba mu ƙanƙara a dutse da ruwa a ƙasa, ya kare mu daga zaluntar maƙwabci, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.