Baƙar Kwamfutar Malam Me-ya-sa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Shugaban ƙungiyarmu ta masu shaguna, da shugabar makarantar da marigayi ya koyar, sannunku da zuwa. Yaya, mai ɗakin marigayi, da ku 'ya'yansa da jikokinsa, ina sake yi muku gaisuwa. Jama'a, assalamu alaikum.

Ni ne mai shagon buga takardu da ke jikin shagon marigayi, bango ɗaya ya raba mu. An ce in yi magana da bakin masu shagunan layinmu. Na karɓa ne saboda akwai wata amsa da iyalinsa suke jira daga gare mu tun makon jiya, kuma na ga ya fi kyau a ba da ita a gaban kowa.

Malam Me-ya-sa muke ce masa, shi ma ya amsa sunan har ya bi shi. Ya kasance malamin ilimin halittu kafin ya yi ritaya ya buɗe shagon gyaran kwamfuta. Ya kasance mutumin da in ka kai masa kwamfuta tana ciwo, ba ya fara tambayar yaushe kake so. Sai ya ɗaga tabarau ya ce, "To, me ya sa?" Kai kana sauri, shi yana murna kamar an kawo masa tsaraba.

Kafin zuwansa, duk abin da ya sami kwamfuta bairas muke cewa, kamar yadda tsofaffi suke kiran kowane ciwo zazzaɓi. Shi ya zaunar da mu ya rarrabe mana. Ya ce bairas na gaskiya sai ya manne a jikin wani fayil, sai ka buɗe da hannunka sannan ya tashi. Akwai tsutsa, wadda ba ta jiran kowa, ita take bin intanet daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Akwai mai shigowa da fuskar kyauta, manhajar da aka ce maka sauke kawai ba ko sisi. Akwai ɗan leƙen asiri, da zai lafe yana kwashe duk abin da ka danna, har lambobin sirrinka.

Mai kemis, ga ka nan zaune, ka yi haƙuri zan tona. Ranar da ya buɗe wani saƙon imel da ya ce wai kayansa sun iso, komai nasa ya kulle, ga rubutu a fuskar kwamfuta cewa sai ya biya za a buɗe. Ya shigo shagon Malam gumi har kan gemu yana cewa, "Malam, na shiga uku, sunayen masu karɓar maganin hawan jini duk suna ciki!" Malam ya leƙa, idonsa ya yi haske, ya ce, "Kai, mai garkuwa ne! Ban taɓa ganin irin wannan ba." Mai kemis ya ce, "Malam, gidana ke ci da wuta, kai kana yaba launin hayaƙi?" Sai da Malam ya gama kallonsa sannan ya tuna masa da ajiyar kwafin bayanansa da ya tilasta masa yi a wani faifai daban, wadda mai kemis yake yi yana gunaguni. Kafin la'asar komai ya dawo.

Ya kasance mai naci a kan abin da ya yarda da shi. Yakan bi shagunanmu yana tambaya, ka sabunta kwamfutarka? Ka sabunta manhajar tsaronka? Filashin wa ka soka jiya? In ka ce na wani kwastoma ne, sai ya ce, "Ka san inda ya kwana?" Mun sha guje masa, wallahi. Yau muna neman mai damunmu, babu.

To, ga maganar da ta kawo ni. Can ƙuryar shagonsa akwai wata tsohuwar baƙar kwamfuta da yake kira Keji. Duk mugun abin da ya ciro daga kwamfutocinmu, ba ya hallaka shi sai ya ajiye ɗaya a cikinta, don ya zauna ya ga yadda yake aiki. Ya cire mata duk abin da take kama intanet da shi, ya liƙe ramukan filashinta da salatif. Ta faifan CD kawai yake shigar mata da abu, babu abin da yake fita. Na taɓa tambayarsa amfanin kiwon abin da kowa ke gudu. Ya ce, "Wanda bai san fuskar ɓarawo ba, ai shi zai riƙe masa tsani."

Abin da da yawanku ba ku sani ba shi ne, yana ɗaukar muryarsa a cikinta. In ya sami sabon baƙo a Keji, sai ya zauna yana yi masa magana, yana tambaya, yana dariya shi kaɗai. Ina jiyo shi ta bango. Wani lokaci ma har ya manta yana ɗauka, wayarsa ta yi ƙara, in ji yana cewa, "Gani nan zuwa, ku fara ci." Yaya, ke kike kira.

Babban ɗansa ya zo mana ya ce mahaifiyarsu ba ta da muryar Malam ko ɗaya a waya, tana so a kai mata kwamfutar gida a jona, a kwashe muryar a raba wa 'yan'uwa. Ɗan Malam, ɗana, mun yi ta juya maganar. Babu wanda yake da bakin hana matar mutum muryar mijinta. Amma ranar da aka ɓare salatif ɗin nan aka soka filashi, duk abin da Malam ya tsare mu daga gare shi zai iya bin ku gida, ya shiga kwamfutar jikokinsa, ya bi saƙonninku zuwa ga dangi. Mu da ya wahala a kanmu ba za mu yi masa haka ba.

Ga abin da muka yanke, in kun yarda. Keji ba za ta bar ƙuryarta ba. Za mu kunna ta, mu ɗaga lasifika, ku ajiye wayoyinku a gabanta ku ɗauki muryar yadda ake ɗaukar ta mai magana. Babu abin da zai biyo ku sai muryarsa. Ƙarar janareto za ta shiga ciki, haka ma tarin mai kemis, amma ai a cikin wannan hayaniyar ya rayu.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Duk tambayar da ya tafi da ita, Allah ya ba shi amsarta a gidan Aljanna. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Yaya, makullin shagon yana wurina. Kujerarsa tana nan a gaban Keji, ba mu bar kowa ya zauna a kai ba. Duk ranar da kika ji za ki iya, ki aiko, mu buɗe miki.