Fankar Jirgin Ruwa

A tashar Ɗambatta muna jiran mota ta cika, wani mutum ya rungume wata 'yar fanka, dattijon da ke gefensa ya kasa haƙuri.

"Malam, jinjirin naka ba lafiya ne?"

"Fankar jirgin ruwana ce, Baba, mai zuƙe tururin fetur daga ƙarƙashin inji don kada wuta ta tashi. Ta uku ke nan da ta ƙone, duk jabu ne."

"Uku, duk jabu. Allah sarki. Ka duba fiyus?"

"Ya cika yankewa, na cire shi na ɗaura waya."

"Madalla. Shi kaɗai ke gaya maka gaskiya, ka kore shi. Wayoyin fa?"

"Inda tsatsa ta ci na naɗe da leda. Yanzu babu fanka nake tayar da inji, da bismilla kawai."

"Kai ka yi bismilla, salati kuma ka bar wa fasinja."

"Wane salati? Gobe ma 'yan ɗaurin aure goma sha biyu zan tsallakar da su dam."

Dattijon ya gyara zama.

"Ba dai na gidan Alhaji Bunu ba?"

"Shi fa."

"Ni ne wakilin ango. Tashi mu nemo fiyus da sabuwar waya, motar ta tafi abinta."