Giginyata da ta Tumba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, angona. Kakarka ce, Inno, daga Gidan Igwai. Kullum sai zaƙin baki a rediyo, ko goro ba ka taɓa aiko wa amaryarka ba.

Ina so ka karanta wa jama'a labarin garinmu, Tungar Giginya, can bakin gulbi bayan Wamakko. Ƙaramin gari ne na manoman shinkafa. Al'adarmu, in an haifi ɗiya mace, a ba ta giginya guda cikin na bakin gulbi, a binne cibiyarta a gindin.

Muna 'yan mata ƙanana Nasara sunka aiko masu gatari su sare giginyun, a kai azara Sakkwato a yi musu gidaje. Ni da ƙawata Tumba munka saci farin zanen innata, munka raba biyu, munka ɗaura wa namu, munka aje ƙwaryar nono a gindi. Babban masu saran ya duba ya ce, “A'a! Waɗanga da masu su, ba ni taɓa gidan iskoki.” Na sha duka kan zanen, amma biyun sun tsira.

Daga baya gulbi ya cinye garin, kowa ya watse. Jikokina cewa suke ƙirƙirar garin na yi, kuma ba ni da mai shaidata.

Tumba, an ce giginyunmu na nan tsaye har yau. In kina da rai, ki aiko ko da gaisuwa ce. In kuwa kin riga ni, ɗiyanki su sanar da ni, in daina jira.