Allon da Ke Amsa wa Mai Shi

Assalamu alaikum. Shugaban taro Alhaji Gado, mai gari da liman, iyayenmu mata da ke ƙarƙashin darbejiya, samarin fada da jama'ar Gidan Sori baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa. Ina godiya da aka miƙa wa ni Garzali magana, alhali kowa ya san abin da Garzali kan yi da ita.

Abin da ya tara mu ɗaya ne. Sola guda gare mu a fada, majalisarmu ta samari, batir guda, ba ya ɗaukar tele da kwamfuta tare. Ko wutar ta tafi ga kallon ƙwallo, ko ta tafi ga ajin lissafin da Malama Mansura, ɗiyar garin nan, take son buɗewa. In an hana ta, kasuwa mai zuwa za ta naɗe kayanta ta koma Maraɗi. 'Yan ƙwallo suka zaɓe ni in je in ga na'urar, in dawo in ba ku dariya.

To, na je. Na farko, jama'a, allo ne. Ni da ban taɓa shiga lakol ba, wato makarantar boko, allo na sani, amma wannan allo yana amsa wa mai shi. Malama ta rubuta layin lissafi mai tsawo, da baƙaƙe a ciki inda nake zaton lamba, ta danna, sai ga shi ya naɗe kansa ya dawo ɗan guntu a ƙasa. Ta sake baƙi ɗaya a sama, duk abin da ke ƙasa ya gyara kansa, ba wanki, ba shanya.

Na biyu, na gwada halina. Tana juya baya na watsa yatsu na rubuta shirme. Sai ya ja jan layi daidai inda na ɓata, ya tsaya yana jirana. Malama ta ce, "Garzali, ko na'urar ma ta gane ka." Gogo Kadi kuwa ta ce a wanke mata gilashin a ƙwarya, jikanta ya sha. Gogo, kada ki ɓoye fuska, ni ma na so in kurɓa.

Na uku shi ne ya kashe mini baki. Kun san ni ke yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyana. Da zare da ƙusa nake zagaye fure, in hannu ya goce sai a kankare allo a faro. Malama ta rubuta rabin layi, wallahi rabin layi, sai ga furena ya buɗe. Ta nuna mini wani ɗan ɗigo, ta ce, "Ja shi." Na ja, ganye uku suka zama biyar. Na ƙara ja, suka yi ta haihuwa, suna saƙa juna, har na daina ƙirga. Na sa yatsa na juya shi, na ga bayansa. Jama'a, ban taɓa sanin zayyana tana da baya ba! Ashe abin da hannuna yake lalube tun ina ƙarami yana da ƙa'ida, kuma ana iya koya mini ita. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanar da mutum abin da bai sani ba.

Habu, babban ɗan ƙwallonmu, ka daina hararata. Ƙwallo akwai shi a Gazawa, kuma babur ɗina bai mutu ba, zan kai ku. Wannan allo kuwa in ya tafi, ba babur ɗin da zai kamo shi.

Makullin akwatin batir yana hannuna, 'yan fada suka ba ni riƙo. Shugaba, ba ni da ikon yanke hukunci, amma ga shi na ajiye gabanka, kuma kowa ya ga gefen tabarmar da na tura shi, can wajen da Malama ke zaune.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya buɗe ƙwaƙwalen yaranmu, Ya sanyaya zuciyar Habu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.