Zabin Da Suka Raba Ni Da Hamadu

Salamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Asabe, tsohuwa ce daga nan Garwa. Na ji kuna zancen kiwon zabi, sai kuka fama mini tsohon miki.

A zamanin Jamus, ina budurwa, ina da zabi a gidanmu. Akwai wani kukun bariki, Hamadu, mutumin garin Gidar, dogo mai wushirya. Duk damina, kullum da safe yana ƙofar gidanmu yana saya wa Baturensa ƙwai. Yakan ce, "Asabe, ko babu ƙwai zan riƙa zuwa." Ni kuwa na yarda.

Ruwa yana ɗaukewa, zabin suka daina ƙwai kamar sun haɗa baki. Na ba su gero, na tono musu gara, duk a banza. Innata ta ce, "Zabuwa sai da damina take yi, ki haƙura."

To, cikin Bature bai san rani ba. Hamadu ya koma gidan maƙwabciyarmu Dudu, mai 'yan kaji figaggu da ke ƙwai rani da damina. Ta bayan danga nake jin dariyarsu, zuciyata tana tafasa.

Kafin damina ta zagayo zabina su sake zuba ƙwai, an riga an sa Dudu a lalle.

Masu sauraro, don Allah ku gaya mini, wa ke sanar da zabuwa lokacinta ya yi? Ina kuma gaida Dudu, tana can Yagwa, jikokin Hamadu cike da gida. A gaya mata ba kyau ta fi ni ba, kaji ta fi ni.