Musbahu da Sanarwar Rasuwar da Ya Haɗe

Assalamu alaikum. Malam Liman, shugabannin ƙungiyarmu na unguwannin Adjamé da Treichville, dattawa, Hajiya Kamila uwargidan mamaci, da 'yarsa Halimatus Sa'adiyya, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni Alu ne. Ban yi boko ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Amma shekara hamsin ina garin nan, na san wanda ya haifi kowa da motar da ta kawo shi. Shi ya sa aka ce in tashi.

Musbahu ya kasance mai gyaran waya a kasuwar Black Market. Ya kasance mutumin da ba ya iya ganin labari ya tsaya a bakin mutum ɗaya. Shi ya buɗe mana shafin labaran jama'armu, ya tsara sanarwa kashi-kashi: na suna da aure daban, na isowar kaya daban, na masu tafiya gida daban. Kowa ya zaɓi wanda yake so, wayarsa ta yi ƙara a kansa kaɗai. Mu da ba mu karatu, da muryarsa yake aiko mana.

Da ya zo kan rasuwa, sai ya same ni a rumfa. "Baba Alu, lissafo min garuruwanmu." Na lissafo: Kano, Katsina, Maraɗi, Damagaram, Tawa. Ya raba sanarwar mutuwa gari-gari, wai kowa ya ji na mutanensa. Ni na ba shi sunayen, amma ban ce ya raba ba, a rubuta wannan.

Sai Sadi tela na unguwar Arras ya rasu. A Treichville aka haife shi, bai taɓa taka gida ba. Musbahu ya rasa inda zai sa shi, ya sa shi a Tawa, garin kakansa. Mutum huɗu ne suka zaɓi Tawa. Mu bakwai muka yi wa Sadi salla, mutumin da ya ɗinka wa rabin ɗakin nan rigar idi.

Daga maƙabarta Musbahu bai koma shago ba. Ya biyo ni ya ce, "Baba, ni na hana mutane zuwa." Na ce, "Kai ne." Ban lallashe shi ba. A ranar ya haɗe sanarwar garuruwan wuri guda, ya sa duk wanda ya shiga shafin sai sanarwar rasuwa ta same shi. Sauran kuwa zaɓinka ne.

Ya kasance mai haƙuri da ƙorafinmu. Alhaji Harisu ya ce, "Wallahi wayata ta zama tashar motocin gbaka, ba ta hutawa!" Musbahu ya karɓa ya duba. "Alhaji, na kasuwa ne ke damunka, goma ka kunna. In kashe?" Alhaji ya fizge wayarsa.

Yanzu ga abin da ya tsayar da ni. Na ji wasu na cewa a sake rabawa, na Adjamé daban, na Treichville daban, wai ƙetare gadar da ke tsakaninsu da wuya. Halimatu, 'yata, shafin yana hannunki. Na tambaye ki jiya, kika ce sai kin ji bakin manya. To ga manya a zaune. Jikokinmu ba su da garin da za a sa su sai nan. Malam Liman, ina roƙo kada a watse sai an ba yarinyar nan amsa a gaban kowa. Ni tawa ita ce kada a raba.

Na gode da kuka saurari tsoho. Allah Ya jiƙan Musbahu, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Allah Ya kyautata tamu in ta zo. Amin.